FILIN SANA'A: Injin jirgin ruwa ma yana jin ƙishirwa

A wannan wata filin sana'a ya sauka bakin gulbi. Magana ce bisa injin da ake rataya wa a bayan jirgin ruwa, da yadda ake kula da hanyar ruwansa don kada ya ƙone.

Wani zai ce ina ruwan manomi da makiyayi da injin jirgi. Akwai ruwansu ƙwarai. Kogin Isa, wanda ake kira Kwara, yana ratsa ƙasar Nijar wajen kilomita 550, tun daga iyakar Mali har Gaya. Ranar Lahadi jirage ne ke kawo mutane da dabbobi kasuwar Ayoru. A shekarar 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, jirage ne suka riƙa ƙetarar da mutane da kaya. Kuma samarin Maradi da Damagaram da Tawa da yawa suna zuwa cin rani bakin gulbi ko tabkin Cadi, wasunsu su zama yaran jirgi. Duk wanda ya shiga jirgi, da shi da buhunsa da ragonsa, sun dogara ga Allah, sannan ga lafiyar injin.

ABIN DA YA SAMI WANI MAI JIRGI

A wani ƙauye na bakin gulbi, yamma da Gaya, akwai wani dattijo manomin shinkafa. Ya tara kuɗin shinkafar shekara uku, ya haɗa da na bijimi guda, ya sayi tsohon inji mai ƙarfin doki 15. Injin daga Kwatano aka kawo shi. Yana tashi da ja ɗaya, yana gudu, dattijo yana murna. Ranar kasuwa yana ɗaukar mutane, sauran kwanaki yana zuwa gona da shi.

Wata safiya cikin watan Satumba, ruwa ya cika ya yi ja, ya loda buhunan shinkafa, da mata biyar da kayan tallansu, da wani Bafillace da tumakinsa uku. Da suka kai tsakiyar gulbi sai ɗansa, wanda ke zaune kusa da inji, ya ce: "Baba, injin nan ya bar fitsari." Dattijo ya ce: "Bar shi, yaro, mun kusa kai gaci." Ya ƙara masa wuta.

Ba su yi nisa ba sai wani wari ya taso kamar na fentin da ya ƙone. Ƙarar inji ta canza, ya yi tari biyu, ya tsaya. Aka ja igiya, ta ƙi jawuwa. Ruwa ya juya jirgi ya nufi ƙasa da su. Tumaki suka firgita suka koma gefe guda, jirgi ya karkata, mata suna salati. Filafili ɗaya ne tak a cikin jirgin. Allah ya taimaka wasu masunta suka hango su, suka jawo su gaci, nesa da kasuwa. Ba a rasa rai ba, amma buhu biyu sun jiƙe, kuma kasuwa ta ci babu su.

Da aka kai inji wurin makanike, ya kwance ƙafarsa, ya fito da wata ƴar baƙar roba ya aza wa dattijo a tafin hannu. Fukafukanta uku sun karye, sauran sun ƙone. Ya ce: "Baba, ga abin da ya kashe maka inji. Kuɗin wannan roba bai kai na tunkiya ba. Gyaran da za a yi yanzu sai ka sayar da saniya."

YADDA INJI YAKE SHAN RUWA

Inji yana ƙona isansi, wato fetur, a cikin cikinsa. Idan an ba shi wuta sosai yana juyawa kamar sau dubu 5 cikin minti guda, wuta tana ci a ciki ba hutawa. Dole a sami abin da zai sanyaya shi. Babur iska ce ke sanyaya shi. Mota tana ɗauke da ruwanta a radiyato. Injin jirgi kuwa ba ya ɗaukar guzuri, daga gulbin yake sha yana zubarwa.

Hanyar ruwan tana da zango huɗu.

Na farko, ƙofofin shan ruwa. Ƴan ramuka ne masu raga a ƙasan ƙafar inji, kusa da farfela. Ta nan ruwa ke shiga.

Na biyu, famfo. Yana cikin ƙafar inji, bisa akwatin giya. A cikinsa akwai roba mai fukafukai, wadda makanikai ke ce wa turbin. Dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa farfela shi ne ke juya ta. Tana juyawa, tana tura ruwa sama.

Na uku, bututu da hanyoyin da ke cikin kan inji. Ruwa yana hawa ta wani siririn bututu, ya zagaye wurin da wuta ke ci, ya kwashe zafi. Injuna da yawa suna da wata ƴar ƙofa a nan, ana ce mata tarmosta. Tana rufe idan inji yana da sanyi, tana buɗewa idan ya ɗumama.

Na huɗu, mafita. Yawancin ruwan yana fita tare da hayaƙi a ƙarƙashin ruwa, ba a ganinsa. Kaɗan ne ke fita ta wani ɗan rami a gefen inji yana tsartuwa. Shi ne masu jirgi ke kira fitsarin inji. Shi ne shaidar famfo yana aiki. Wasu tsofaffin injuna ba su da wannan rami, sai dai a ga feshin ruwa yana fita tare da hayaƙi ta bayan ƙafa.

Idan ruwa ya yanke a ɗaya daga cikin zangon nan, ƙarfen da ke kai da kawowa a cikin inji, wato fistan, yana kumbura don zafi har ya manne. Shi ya sa igiyar dattijo ta ƙi jawuwa.

ABUBUWA BIYAR DA KE ƁATA HANYAR RUWA

1. Yashi da laka. Gulbi yana cika sau biyu a shekara. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba, lokacin da ƙoramu irin su Sirba da Dargol da Goruwal ke zubo masa laka. Akwai baƙin ruwa na lokacin sanyi, wanda ya taso tun daga ƙasar Gini, shi ya fi tsabta. Da bazara kuma ruwa yana janyewa, tudun yashi su fito. A watan Yuni na 1985 gulbin ya tsaya cik da gudu a Yamai. Jan ruwa da ruwan bazara su suka fi cin famfo. Yashi yana gurzar roba da bangon famfo kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

2. Leda da ciyawa. Leda guda ta isa ta rufe ƙofofin shan ruwa duka. Haka kainuwa da burgu da tsummokaran taru.

3. Gishiri da kanwa. Ruwan gulbi ba shi da gishiri. Amma tsofaffin injunan da ake kawowa daga Kwatano ko Lome ko Legas, da yawansu sun yi aiki a teku. Gishiri ya bushe a cikin hanyoyinsu ya yi ɓawo, hanya ta tsuke. A wasu wurare na gefen tabkin Cadi da tabkunan da ba su gudu, ruwan yana da kanwa, ita ma tana barin farin ɓawo.

4. Tayar da inji a tudu. Wannan shi ne babban kuskure. Ruwa shi ne man robar famfo. Idan aka tayar da inji babu ruwa, ko don a gwada wa mai saye, kafin minti guda robar ta ƙone. Daga waje ba a ganin komi, sai an shiga gulbi.

5. Dogon zama. Roba tana tsufa ko ba ta aiki. Zafin rani yana busar da ita, fukafukanta su lanƙwashe su ƙi miƙewa. Injin da ya yi wata shida a ɗaki, a duba robarsa kafin a aza masa kaya.

ABIN DA ZA A YI KOWACE SAFIYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a loda kaya, mai jirgi ya ɗaga ƙafar inji ya duba ƙofofin shan ruwa, ya cire duk abin da ya maƙale. Ya sauke ƙafar cikin ruwa mai zurfi, inda ba ta taɓa yashi. Sannan ya tayar da inji, ya sa ido ga fitsari. Kafin a ƙirga 20 ya kamata ruwa ya fito da ƙarfi.

Idan bai fito ba, a kashe inji. Wani lokaci ɗan ramin ne kawai ya toshe da laka, ko zanzaro ya yi ɗaki a ciki. A zura masa igiyar fatsa mai kauri, a hankali, a sake tayarwa. Idan ruwa ya fito, madalla. Idan bai fito ba, ranar babu tafiya da inji.

Idan za a shiga wuri marar zurfi, a rage wuta, a ɗan ɗaga ƙafar inji, amma ƙofofin shan ruwa su tsaya cikin ruwa. Idan ruwan ya gaza, a kashe inji a ɗauki gora. Kada a haƙa yashi da farfela.

IDAN RUWA YA YANKE A TSAKIYAR GULBI

Alamomin su ne: fitsari ya tsaya ko ya koma ɗigo, tururi yana fita maimakon ruwa, warin ƙuna, inji yana rage ƙarfi da kansa. Lafiyayyen inji fitsarinsa yana da ɗumi, amma ba ya ƙona hannu.

Da an ga haka, a rage wuta nan take, a fitar da giya, a kashe inji. A ɗaga ƙafa a duba ko leda ce. Idan ita ce, a cire, a jira inji ya huce, a sake tayarwa a kalli fitsari. Kada a kwara wa kan inji ruwan sanyi yana da zafi, ƙarfen yana iya tsagewa ko ya lanƙwashe. Idan ruwa bai dawo ba, a tuƙa da hannu. Don haka kowane jirgi ya riƙe filafili biyu da gora da igiya, ko da injinsa sabo ne.

Fasinja ma yana da ido. Wanda ya zauna a baya ya ga fitsari ya tsaya, ya faɗa da ƙarfi, kada ya ji kunya. Mai jirgi kuma ya saurara, ko yaro ne ya faɗa.

YADDA AKE WANKE CIKIN INJI

Wanka na waje ba ya fitar da lakar ciki. Ga yadda ake yi da tano:

1. A sami tanon ƙarfe ko na roba mai tsabta, a yanke bakinsa. A ajiye shi a fili inda iska ke kaɗawa, don hayaƙin inji guba ne a cikin ɗaki.

2. A ɗaura inji da kyau bisa katako mai ƙarfi, ƙafarsa a cikin tano, kada ta taɓa gindin tanon.

3. A cire farfela don kada ta sari wani. A nan sai a duba ko igiyar taru ta naɗe a bayanta, a warware ta, don tana yanke robar da ke hana ruwa shiga akwatin giya.

4. A cika tano da ruwan rijiya ko na famfo. Idan na gulbi ne, a bar shi ya kwana ya kwanta, a tsiyaye na sama. Ruwan ya rufe faffaɗan ƙarfen da ke bisa farfela, ya wuce shi da kamar taƙi guda, don famfo ya nutse sarai.

5. A tayar da inji ba tare da sa giya ba. A bar shi yana aiki a hankali minti 10. Kada a ba shi wuta. Mutum ya tsaya kusa yana kallon fitsari, yana ƙara ruwa idan ya ragu. A kori yara daga wurin.

6. A kashe inji, a fitar da shi, a bar shi tsaye har ruwan ciki ya tsiyaye duka.

7. Ruwan tanon ya gauraya da mai. Kada a zuba shi a gulbi, ko a gonar shinkafa, ko inda dabbobi ke sha. A haƙa rami nesa da rijiya a zuba.

Lokacin jan ruwa a yi wannan wanki sau ɗaya a mako. A yi shi duk ranar da inji ya ci yashi. A yi shi kafin a ajiye inji na dogon lokaci, da ranar da aka sayo tsohon inji.

Idan za a ɗauki inji ko a kwantar da shi, kansa ya fi ƙafarsa tudu kullum. Idan ƙafa ta fi kai tudu, ragowar ruwa yana bin hanyar hayaƙi ya shiga cikin inji, tsatsa ta kama shi.

CANJIN ROBAR FAMFO

Wanda bai taɓa yi ba ya fara zama kusa da makanike ya gani da idonsa. Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so.

Ana kwance ƙusoshin murɗi da ke riƙe da ƙasan ƙafa, a raba sandar giya, a zaro ƙafar. Famfo yana nan bisa, dogon ƙarfe ya ratsa ta tsakiyarsa. A kwance murfinsa. Kafin a cire tsohuwar roba a lura da gefen da fukafukanta suka kwanta. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙarfe da ke kulle roba da dogon ƙarfen. A shimfiɗa zane a ƙasa don kada ya faɗa cikin yashi ya ɓace, in babu shi roba ba ta juyawa.

A ƙirga fukafukan tsohuwar roba. Idan wani ya gutsure, a nemi guntun har a same shi, don yana iya hawa bututu ya toshe hanya. A shafa yatsa a cikin murfin famfo da farantin da ke ƙarƙashin roba. Idan yashi ya yi musu zane mai zurfi, su ma a canza su, in ba haka ba sabuwar roba ba za ta daɗe ba.

A shafa wa sabuwar roba ruwan sabulu. A juya dogon ƙarfen kamar yadda hannun agogo ke tafiya, idan ana kallonsa daga sama, ana danna murfi a hankali har fukafukan su shige. A shafa giris a haƙoran da ke gefen kan dogon ƙarfen, ban da bisa kansa. Wajen mayar da ƙafa a tabbata bututun ruwa ya shiga bakinsa daidai. Daga nan sai gwaji a tano, kafin a shiga gulbi.

Wajen sayen roba a tafi da lambar da ke jikin inji, a rubuce, don kowane inji da irin tasa. Masu injin Yamaha sun fi samun kaya a kasuwa. Injin Evinrude kuwa an bar ƙera shi tun 2020, saboda haka mai irinsa ya nemi robarsa tun bai matsu ba. Kowane mai jirgi ya ajiye roba guda ta ko-ta-kwana a cikin gwangwani mai murfi, a inuwa.

TARMOSTA

Wasu suna cire tarmosta su jefar, wai don ruwa ya gudana sosai. Wannan ba gyara ba ne. Injin da aka yi shi da tarmosta, idan aka cire ta yana aiki da sanyi, buji ya riƙa yin baƙi, mai ya riƙa tafiya banza.

Gwajinta yana da sauƙi. A sa ta a tukunyar ruwa bisa wuta. Lafiyayya tana buɗe baki tun ruwan bai tafasa ba, ta rufe idan ya huce. Wadda ta ƙi motsi sai a canza. Idan farin ɓawo ya kama ta, a jiƙa ta cikin ruwan lemun tsami na ƴan awoyi, a goge, a ɗauraye. A kankare ɓawon da ke cikin raminta da ɗan itace. Wajen rufewa a sa sabuwar takarda tsakanin murfi da inji, don tsohuwa tana yoyo.

AMFANIN RUBUTU

Littafin injuna da yawa yana cewa a duba robar famfo bayan awa 100 na aiki ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa, kuma a canza ta kafin ta wuce awa 300. Ga lissafi. Jirgin da ke aiki awa 2 kullum yana cika awa 100 cikin kwana 50. Yana cika awa 300 cikin kwana 150, wato wata biyar. Ashe wanda ke jigila kullum, cikin ruwa mai yashi, ba zai jira shekara ba.

Kai ba ya riƙe wannan lissafi, takarda ce ke riƙewa. A sami ɗan littafi. Kowace yamma a rubuta kwanan wata da awoyin da inji ya yi. A rubuta ranar wanki, da ranar canjin roba, da lambar inji. Ko gauraya mai lissafi yake so: injin da ake zuba wa man inji kashi 1 cikin isansi kashi 50, tankin lita 25 rabin lita yake ci. Wasu tsofaffin injuna sun fi haka ci, sai a bi abin da littafinsu ya ce. Wanda ya shiga karatun manya, wannan aiki ba zai gagare shi ba.

Dattijon nan na yamma da Gaya ya sayar da saniya ya gyara injinsa. Ya yi wata biyu ba ya jigila, abokan cinikinsa suka koma wani jirgi, sai sannu a hankali suka dawo. Yanzu akwai tano a gindin bishiyar ƙofar gidansa, da gwangwanin roba a rataye cikin ɗaki. Littafin yana hannun ɗansa, wanda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci da dare. Kowace safiya, kafin a kwance igiya, dattijo yana tambaya: "Yaro, ya yi fitsari?" Sai yaron ya ce: "Ya yi, Baba," sannan jirgi ya tashi.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman masu jirgi da yaransu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye matafiya a ruwa da tudu. Sai wata mai zuwa.